Kaska a Kunnen Kyanwar Iya

Daga Tabawa, a Yekuwa, zuwa ga ƙanenta Zakari, marini a birnin Kano. Bayan girbi, shekara ta 1313 daga Hijira.

Da sunan Allah. Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da ta Ladi da yara. Mu nan lafiya muke. Maigida yana gaishe ka, haka ma Malam Abdullahi da ke rubuta mini wannan. Iya tana nan wurina yadda ka sani. Idanunta dai sun gama tafiya, yanzu ko hasken bakin ƙofa ba ta rarrabewa, amma ƙafa da baki ƙalau.

Gero ya yi daidai gwargwado, wake ne bai yi ba. Da muka kwashe amfanin gona, maigida ya bar wa Fulani gonar bayan gida su sauka da shanunsu saboda taki. Sun tashi sun bar mana takin, sun kuma bar mana kaska. Tana cikin kara, tana jikin zana, tana jikin awaki. Awaki ba su dame ni ba, sun saba.

Iya tana da kyanwa. Ba ka san ta ba, bayan tafiyarka aka same ta, mai launin toka ce. Tun da idon Iya ya mutu ita ce abokiyar zamanta: a ƙafarta take kwana, da ita take hira in mun tafi gona. Iya ce ma ta fara jin abin da yatsa. Ta kira ni ta ce, "Zo ki duba, akwai wani abu kamar ƙwayar wake bayan kunnen nan." Na duba, kaska ce ta sha jini ta ƙoshi, ga wasu ƙanana cikin kunnen da ƙarƙashin wuya. Na fizge babbar, kan ya karye a ciki. Wurin ya kumbura yana ruwa. Tun daga nan kyanwar ba ta yarda na kusance ta.

Kyanwar Iya ta rame ƙwarai. Ta bar cin abinci, ko nono aka ajiye mata sai ta kau da kai. Yini take kwance bayan rumbu, ba ta son kowa ya taɓa ta. Iya ta sa abin a ranta, ita ma ta rage cin tuwo. Kano gari ne na mutane da yawa, ka tambaya ko akwai wanda ya san magani, ka aiko mana da shi ko da bayaninsa.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Daga Zakari, a Kano, zuwa ga yayarsa Tabawa.

Gaisuwa da fatan alheri, Yaya. Ina gaida Iya, ina gaida mai gidanki. Mu lafiya, sai ƙaramin ne ya yi tari, ya kuwa warke.

Takardarki ta daɗe a hanya. Bafataken da ya kawo ta ya cusa ta kusa da tandun man shanu, rana ta narkar da man, tsakiyarta duk ya jiƙe, tawada ta bi. Maƙwabcina da ke karanta mini takarda ya ɗaga ta a hasken rana, ya samu farkonta da ƙarshenta. Mun ji gero ya yi, mun ji Fulani sun sauka. Sai kuma inda kika ce ƙanwar Iya ta rame, ta bar cin abinci, tana yini kwance bayan rumbu.

Iya ba ta da wata ƙanwa sai Inna Fadi. Ban san yaushe aka ɗauko ta daga Sassumbrum aka kawo ta wurinku ba, ban kuma san ciwon da ke damunta ba, don wurin ne man ya cinye. Amma Yaya, bayan rumbu? A gidan da ke da ɗakuna? In ita ce ta ƙi shiga, na san halinta, to a yi mata rumfa, a shimfiɗa mata tabarma mai kyau. Matar nan ita ta karɓe ni daga hannun Iya ranar da aka yaye ni, don ba ta samu nata ba. Ita ta goya ni, ita ta yi jinyata da na yi ƙyanda. Ba za a ce ta ƙare a ƙasa kusa da kaji ba.

Kin san yadda muka rabu. Mijinta ya rasu, ta so in riƙe gonarsa, ni kuwa na zaɓi Kano da rini. Ta ce in na fita kada in sake taka mata ƙofa, na fita, ban taka ba. Har yau ban ga laifin tafiyata ba, kuma ba wannan nake son a tayar ba. Ina aiko da zane baƙi, ni na rina shi da hannuna, na sa aka buga shi har ya yi ƙyalli. A lulluɓa mata. Akwai kuma ƙullin sassaƙe daga wani mai magani na kasuwar Kurmi, a jiƙa a ba ta safe da yamma. In ta tambayi daga ina, a gaya mata gaskiya. In ba ta tambaya ba, a bar shi haka.

Zuwana yanzu ba zai yiwu ba. Gari bai gama natsuwa daga rikicin sarautar da aka yi ba, ba a bin hanyar arewa sai cikin ayari, aikin salla kuma ya taru mana a karofi. Na ba Ɗan Azumi saƙon, mutumin Kwaya ne mai jakuna, na kuma yi masa bayanin komai da baki. Ki sanar da ni ta hannun wanda ya fara tasowa. Wassalam.

Daga Tabawa zuwa ga Zakari. Kafin azumi.

Gaisuwa, da tambayar tarin yaro, Allah ya ƙara sauƙi. Muna lafiya.

Zakari, kyanwa na ce, ba ƙanwa ba. Kyanwa mai kama ɓera. Malam Abdullahi ya ce in gaya maka shi abin da na faɗa ya rubuta, a tambayi man shanu da maƙwabcinka. Kaska ce ta kama kyanwar Iya, maganinta na roƙa. Inna Fadi ba abin da ya same ta, ita kaɗai ta sussuke geronta bana.

Ga yadda saƙonka ya iso. Ɗan Azumi ya biyo ta Sassumbrum ranar kasuwa. Ya tsaya sayen daddawa wurin wata tsohuwa, yana ta ba ta labari, wai wata Fadi ta garin nan tana can Yekuwa rai a hannun Allah, an yar da ita bayan rumbu, ɗan da ta riƙa ya aiko mata da zane daga Kano. Tsohuwar ta bar shi ya kai ƙarshe, sannan ta ce, "Sauke zanen in gani." Ya ce ai amana ce. Ta ce, "Ni ce amanar." Kafin la'asar rabin kasuwa sun zo yi mata sannu da jiki.

Washegari sai ga ta a kan jaki a ƙofar gidanmu, da zanen a naɗe a cinya. Ka san tun tafiyarka ba su haɗu da Iya ba, don ta riƙe cewa Iya ce ta sa maka albarka ta ba ka guzuri a ɓoye. Na fito na tarye ta. Ta ce, "Ina rumbun da aka kwantar da ni?" Na nuna mata. Ta zagaya, ta tarar da kyanwar. Ta tsuguna ta daɗe tana dubanta, sannan ta ce, "Wa ya fizge wannan?" Na ce ni. Ta ce, "Haka ake cire kaska, kamar ana tuge ciyawa?"

Iya ta ji muryar daga ɗaki. Ta ce, "Fadi ce?" Inna ta ce, "Ni ce, Yaya. An ce na mutu, na zo in ji daga bakinku." Iya ta ce a kawo mata ruwa. Gaisuwarsu ke nan.

Tun ranar aikin ya koma hannunta. Tana naɗe kyanwar cikin tsumma har wuya don kada ta yi yaƙushi, ta ɗora wa Iya a cinya. Iya tana lalubawa da yatsa, in ta ji ta ce, "Ga ɗaya nan." Inna tana da ɗan hantsakin cire ƙaya, da shi take kama kaskar daga gindi, daf da fata, ta ja a hankali ba murɗawa, har ta saki da kanta. Sai ta jefa cikin garwashi. Ta ce ba a matse mai ƙoshi, abin cikinta komawa yake jikin dabba. Inda na karya kuwa ta gasa da ruwan ɗumi da gishiri har kan ya fito, ta shafa man kaɗe. Ta sa aka ƙone tsohuwar tabarmar Iya, aka janye karan da ke jingine da ɗakin, aka mai da turken awaki can gefe. Maigida bai so ba, amma ya yi.

Kyanwar ta fara lasar nono. Sai dai kaskar ba ta ƙare ba, a cire yau, jibi a samu wata cikin kunne. Inna ta ce ba za ta koma ba sai ta ga ƙarshenta. A ɗakin Iya take kwana. Suna faɗa a kan gishirin miya da kan wanda ya fi wani tunawa da mutanen da, ban ji sun ambace ka ba.

Sassaƙen yana nan rataye. Zanen kuwa, Inna ta shinshina shi, ta murza bakinsa da yatsa ta ga ko yana zuba, ta ce, "Ya iya." Ta sa shi cikin kayanta. Na karanta mata takardarka ta bakin Malam, ba ta ce komai ba. Wassalam.

Daga Zakari zuwa ga Tabawa.

Gaisuwa, Yaya, da barka da shan ruwa. A gaida Iya da mutan gida. A ba Malam Abdullahi haƙuri.

Na ji bayani. Na gode Allah da abin ya tsaya a kan kyanwa. Ladi ta yi dariya har ta zauna, abokan aiki kuma sun samu abin faɗa a bakin karofi. Da na san haka ne da ban faɗi wasu maganganun ba, amma an riga an karanta.

Na tambayi maganin kaska. Akwai wani mai kula da dawakin wani attajiri da ke kawo mana rini, ya ce su ganyen taba suke jiƙawa ya kwana, su wanke doki da ruwan, kaska ta zube da kanta, wata kuma ba ta hawa. Ya ce bai taɓa ganin ya ƙi ci ba. Ku gwada, ya fi bin su ɗaya ɗaya da hantsaki, Inna ma ta samu ta koma gidanta.

Tun da kowa lafiya, zan bar zuwa sai wata shekara in Allah ya kai mu. Kin ce ba ta ce komai ba da aka karanta mata. Ko da baya ma ba ta ce ba? Ba don wani abu na tambaya ba. Wassalam.

Daga Fadi, a Yekuwa, zuwa ga Zakari. Bayan ƙaramar salla.

Ni ce Fadi, ba Tabawa ba. Na zauna gaban Malam da kaina. Ina gaida matarka da ban sani ba, da 'ya'yanka da ban gani ba. Lafiyata ƙalau.

An gwada maganinka. Da aka karanta takardar na ce kada a yi, don doki ba ya lasar jikinsa, kyanwa kuwa aikinta ke nan. Rabe mijin Tabawa ya ce magani daga Kano ya fi na tsohuwa. Ya bari na tafi gidan suna, ya jiƙa taba ya wanke ta. Na dawo na tarar da ita a tsakar gida tana makyarkyata, yawu na dalala, ta yi amai, ƙafafun baya ba sa ɗaukarta. Uwarka tana rarrafe a ƙasa tana lalubenta, tana tambayar me ya faru.

Na wanke ta da ruwan ɗumi, na sake wankewa, har warin ya fita. Na naɗe ta na sa ta a jikina. Ta kwana biyu ba ta san inda take ba, sannan ta ɗaga kai. Tana nan da rai. Tana tafiya tana tangaɗi kaɗan, Malam ya ce wataƙila haka za ta zauna. Kaskar kuwa ba ta zube ba, da hantsakin dai na cire sauran. Ban ce laifinka ba ne. Ka tambayi mai doki, ya ba ka na doki. Rabe ya kawo mini goro, na karɓa.

Yanzu ga abin da Tabawa ba za ta rubuta maka ba, don tana ganin kullum gobe za a ji sauƙi. Uwarka Shatu ba ta da lafiya. Tun ranar nan zazzaɓi ya kama ta, ya sauka, amma ƙarfinta bai dawo ba. Ta bar fitowa rana. Kunu take sha, shi ma sai na zauna a kanta. Ƙafafunta sun kumbura. Da can in na ɗora mata kyanwar yatsunta ba sa zama, yanzu tana ɗora hannu ne kawai ta bar shi. Na yi jinyar mutane da dama, na san wanda zai ga girbi da wanda ban sani ba. Ita ban sani ba.

Ba ta ce ka zo ba. Ta ce kana da aiki, kada a tayar maka da hankali a banza kamar wancan karon. Ni ma ban ce ka zo ba. Na gaya maka yadda take ne.

Ka tambaya ko na ce wani abu daga baya. Ƙofar da na hana ka tana Sassumbrum. Nan gidan Rabe ne, ba ni da iko da ƙofarsa.

Na ce wa mai ɗaukar wannan ya sa ta cikin hularsa. Shi ke nan.

Daga Zakari, a Yekuwa, zuwa ga matarsa Ladi, a Kano. Farkon damina.

Gaisuwa gare ki da yara. Na iso lafiya tare da ayarin masu kanwa da ke komawa arewa. Ruwa ya tare mu a hanya, ban da wannan ba abin da ya same mu.

Na tarar da Iya da rai. Ta fi yadda aka faɗa ramewa, amma hankalinta garau. Da na durƙusa na gaishe ta sai ta kama hannuna tana shafawa, ta kai shi hancinta. Ta ce, "Warin baba. Ashe gaskiya ne rini kake yi." Ta sha kunu rabin ƙwarya a ranar, Yaya ta ce rabonta da haka tun kafin salla. Kumburin ƙafar yana nan. Wata rana ta tashi zaune ta yi hira, wata rana ta yini barci. Ba zan ce miki ta warke ba.

Na ga kyanwar. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai yadda na zata ba, kunnenta ɗaya da tabo, tana tafiya kamar ƙasa na karkata. Da ruwa ya sauka ciyawa ta fito, kaska ta dawo, don haka kullum da hantsi ana duba ta.

Inna Fadi ta tsufa, ta rage tsawo. Na gaishe ta ta amsa yadda ake amsa wa baƙo, ta ci gaba da tankaɗe. Muka yi kwanaki a haka, in na shigo ta fita, in abinci ne Yaya take ba wa ta miƙo mini. Rannan da hantsi tana zaune da kyanwar a naɗe, Iya tana barci, ba mai riƙe mata. Ta duba hagu da dama, sannan ta ce, "Kai, zo ka riƙe mata kai." Na riƙe. Ta ce na danne da yawa, na sassauta. Ta ciro ɗaya, ta miƙo mini hantsakin ta ce idonta ba ya ganin ƙananan. Na kama ta farko ta tsakiya ta fashe. Ta ce, "Daga gindi." Ta biyu ta fito gaba ɗaya, har da kan. Ba ta yaba ba, ta nuna mini wata. Yanzu aikin nawa ne, ita tana zaune tana kallo tana gyara mini.

Ki gaya wa mai karofi ba zan dawo ba sai bayan girbi, ya ba wani ramina kafin nan. In akwai abin da ya gagare ki, ki je wurin yayanki. Ki ce wa yara kakarsu ta tambayi sunayensu ɗaya ɗaya, ta sa na maimaita.

Inna za ta je Sassumbrum gobe. An yi shuka ko'ina, gonarta tana zaune, ta ce za ta zuba iri ta dawo wurin Iya. Rabe ya ce zai raka ta, ta ce Rabe yana da tasa gonar. Ɗazu na same ta tana ɗaure irin gero cikin buhu. Ba ta ɗago ba ta ce, "Jakin nan ba ya son ratsa ruwa, sai da mai ja." Na ce to. Ta ce, "Ka ɗauko sungumi."

Tafiyar da ɗan nisa, mu biyu ne kuma sai jakin. Ban san abin da za mu ce wa juna a hanya ba. Na dai jingine sungumin a bakin ƙofa.

Allah ya tsare ku. Wassalam.